Takarda Ta Jabu, Bashi Na Gaske

A wannan wata muna so mu tattauna da ku a kan wata tambaya da wata baiwar Allah ta kawo mana har gida. Ba mu iya ba ta amsar da take so ba, kuma har yanzu abin yana ci mana tuwo a ƙwarya.

Wata ranar Asabar ce bayan La'asar ta yi sallama, tana riƙe da leda cike da takardu. Mun san ta, domin ɗanta ya bi ta hannunmu a ajin ƙarshe na firamare, yaro mai natsuwa wanda ba ya wuce na uku a jarrabawa. Ita kuwa 'yar kasuwa ce, atamfa da mayafai take sayarwa a kasuwar Agoè-Assiyéyé. Da muka gama gaisawa sai ta zazzage ledar a kan tabarma. Ga rasit na kuɗin makaranta na shekara 3, ga takardar talla mai launi da hoton samari cikin rigar bikin yaye ɗalibai, ga takardar lisans mai hatimi har biyu, ga kuma ɗan littafin da ake rubuta mata biyan rance.

Ta ce, "Malam, an ce mini an faɗa a rediyo wai a Amurka gwamnati ta yafe wa ɗalibai bashi saboda makarantarsu ta cuce su. To, mu a nan wane ofishi ake zuwa?"

Muka ce, "Hajiya, ki ba mu labarin tun daga tushe."

Yaron ya ci jarrabawar bakaloriya a 2020. Wani mutum da ke sallah a masallacin unguwarsu ya zo ya yi musu murna, sa'an nan ya ce don me za a kai yaro mai kai irin wannan jami'ar gwamnati, inda ɗalibai suka yi wa ɗakin karatu yawa? Ya san wata makaranta mai zaman kanta a cikin Lome, aji ba cunkoso, ana koyarwa da Faransanci da Ingilishi, takardarta kuma ana karɓarta a nan da Nijeriya da Gana, ga aiki yana jira. Uwar ta kwashi adashinta ta biya shekarar farko. A shekara ta biyu ta ci rance a wani asusun ajiya da ba da rance. A ta uku ƙanenta ya ranta mata, ta kuma sayar da 'yan kunnenta na zinariya.

Yaron bai yi wasa ba, ya zauna a aji shekara 3 cur, ya fito a 2023. Da ya kai takardunsa neman shiga jarrabawar ɗaukar ma'aikata, sai aka ce masa fannin da ya karanta ba ya cikin waɗanda aka ba wa makarantar izinin koyarwa. Ana cikin wannan, a watan Disamba na 2023, gobara ta cinye kasuwar Assiyéyé cikin dare, har da rumfar uwar. Aka ce to bari ya tafi wurin baffanninsa a Kano ya gwada sa'a a can. Kafin ya haɗa kaya, ita ma wannan ƙofa ta rufe.

Abin da ya rufe ƙofar Nijeriya

A ƙarshen Disamba na 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wani wakilinta, Umar Audu. Ya nuna yadda ya sami digirin aikin jarida daga wata makaranta mai suna ESGT a Kwatano cikin mako 6, bai shiga aji ba, bai rubuta jarrabawa ba. Da wannan takarda ya shiga aikin yi wa ƙasa hidima a Nijeriya, alhali ya taɓa yi a baya. Ranar 2 ga Janairu, 2024, ma'aikatar ilmi ta tarayyar Nijeriya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Jamhuriyar Benin da Togo, ta kafa kwamitin bincike.

A watan Agusta na 2024 ministan ilmi na wancan lokaci, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana abin da kwamitin ya gano. Ya ce tsakanin 2019 da 2023 mutum 21,684 sun samo takardun jabu daga Benin, mutum 1,105 kuma daga Togo. Ya ce jami'o'i 5 ne Nijeriya ta amince da su a Benin, 3 a Togo, wato Jami'ar Lome, da Jami'ar Kara, da Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma. Ya kuma ce za a bincika ma'aikatu a zaƙulo masu riƙe da takardun da ba a amince da su ba.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu mutanen Zongo. Da wuya ka sami gida a nan wanda ba shi da dangi a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ko Kumasi. 'Ya'yanmu suna ɗaukar takardunsu su ƙetare iyaka neman aiki, 'ya'yan danginmu kuma suna zuwa Lome karatu su sauka a gidajenmu, wani lokaci ma mu ne muke nuna musu makarantar. Wajibi ne kuma mu rarrabe mutum biyu. Akwai wanda ya san takarda ya saya, wannan shi ya jawo wa kansa. Akwai kuma wanda ya yi sammako shekara 3 ko 4, ya biya kuɗi, ya yi jarrabawa, bai san an gina shi a kan rairayi ba. Hukuncin ya haɗa su duka, kuma na biyun nan ne maganarmu take a kansa.

Gaskiyar labarin Amurka

Abin da Hajiya ta ji gaskiya ne, sai dai rabin labarin ta ji. A Amurka yawancin ɗalibai daga gwamnatin tarayya suke cin bashin karatu, kuɗin kuma ya wuce kai tsaye zuwa makaranta. Wasu 'yan kasuwa suka ga ganima a nan, suka buɗe kwalejoji don riba kawai. Ɗaya daga cikin manyansu shi ne kamfanin Corinthian, wanda aka kafa a 1995. A 2010 yana da ɗalibai fiye da 110,000 a rassa fiye da 100. Masu tallansa suna bin talakawa, da matan da ke rainon 'ya'ya su kaɗai, da tsofaffin sojoji, suna nuna musu alƙaluman waɗanda wai suka sami aiki bayan sun gama.

Alƙaluman ƙarya ne. Bincike ya nuna akwai inda makarantar take biyan wasu kamfanoni su ɗauki ɗalibanta aikin 'yan kwanaki, don a rubuta cewa sun sami aiki. Akwai wanda ya karanta aikin akanta, yana nan a gidan sayar da abincin da yake aiki tun kafin ya gama, aka lissafa shi cikin waɗanda suka sami aiki a fanninsu. A 2013 babbar lauyar jihar Kalifoniya ta lokacin, Kamala Harris, ta kai kamfanin kotu. A watan Afrilu na 2015 ma'aikatar ilmi ta ci shi tarar dalar Amurka miliyan 30, kafin watan ya ƙare ya rufe sauran rassansa, ya bar ɗalibai wajen 16,000 a tsakiyar karatu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Kamfani ya mutu, amma bashi bai mutu ba. Gwamnati ta ci gaba da bin ɗaliban kuɗinta. A watan Fabrairu na 2015 wasu tsofaffin ɗalibai su 15 suka fito fili suka ce ba za su biya ba. Lauyoyin da suka tsaya musu suka tono wata ƙa'ida da ke cikin dokokin rancen tun wajen 1994, wadda kusan ba wanda ya taɓa amfani da ita. Ƙa'idar ta ce idan makaranta ta yaudari ɗalibi, yana da damar neman a sauke masa bashin. Daga nan takardun koke suka yi ta kwarara dubbai.

Ba a sha da daɗi ba. Gwamnati ta sauya, ƙa'idoji suka sauya, takardu suka yi shekaru ba amsa. A watan Oktoba na 2019 wata kotu ta ci ma'aikatar ilmi tarar dala 100,000 saboda ta ci gaba da karɓar kuɗi daga ɗaliban Corinthian bayan an hana ta. Sai a watan Yuni na 2022, shekara 7 bayan rufe makarantar, aka yafe dala biliyan 5.8 da ke kan mutum 560,000. A watan Agusta na wannan shekara aka yafe biliyan 3.9 ga ɗaliban wata makarantar, ITT, su 208,000. A watan Nuwamba kuma kotu ta amince da wani sulhu na wajen biliyan 6 ga mutum kimanin 200,000 da suka haɗu suka yi ƙara.

Abu uku ya kamata mu tsinta a nan. Na farko, mai bin bashin gwamnati ce, kuma ita ce ta bar makarantar tana karɓar kuɗin rancen, saboda haka akwai hujjar a ce mata ta ɗauki asarar. Afuwar 2022 bashin gwamnatin tarayya kaɗai ta shafa, ba ta taɓa wanda aka ci a hannun 'yan kasuwa ba. Na biyu, da shaida aka ci nasara, wato takardun talla, da alƙaluman da aka nuna wa ɗalibai, da rasit. Na uku, ba wanda ya ci shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu wa ke bin mu?

Da muka yi wa Hajiya wannan bayani sai ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ashe ni babu mai yafe mini ke nan, Malam." Ta riga ta gane inda maganar ta dosa.

Bashin da iyalanmu ke ci don karatu ba na gwamnati ba ne. Na adashi ne, wanda matan unguwa suka zuba daga cinikin ƙosai da koko. Na asusun rance ne, wanda shi ma ajiyar talakawa yake juyawa. Na kawu ne ko baffa, ko abokin ciniki da ya ba da kaya lamuni. Cikin waɗannan ba wanda ya yaudari yaron, ba wanda ya ci kuɗin, saboda haka ba wanda za a ce wa dole ya yafe. Wanda ya ci kuɗin daban, wanda ke bin bashin daban. Ko a Nijeriya, inda aka sa hannu a kan sabuwar dokar rancen ɗalibai a watan Afrilu na 2024, aka kafa asusun NELFUND mai ba da rance ba ruwa, da ɗaliban makarantun gwamnati aka buɗe shirin.

Bari mu yi lissafi irin na aji, don a ga nauyin abin. A 2014 hukumomin kuɗi na ƙasashenmu masu amfani da sefa suka sa iyakar kuɗin ruwa a kashi 15 cikin 100 a shekara ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusan rance. A ce uwa ta ranci jika 500, wato sefa 500,000, a kan kashi 2 cikin 100 kowane wata, za ta biya cikin wata 12. Kowane wata za ta kai kimanin jika 47, a ƙarshe ta biya wajen jika 567. Mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Togo a watan Janairu na 2023 kuwa sefa 52,500 ne. Ke nan ko yaron ya sami aiki a kan wannan albashi, kusan dukkansa biyan rance zai tafi. To, ina ga wanda takardarsa ba ta kai shi ko ƙofar ofis ba?

Me ya sa muke saurin faɗawa? Ba don rashin wayo ba ne. Wanda ya iya cinikin goro da shanu daga Sahel zuwa bakin teku ba a koya masa wayo. A 1977 aka tashi iyayenmu daga tsohon Zongo na tsakiyar Lome aka kawo su nan arewa da gari, kuma da amana da lamuni suka sake tsayawa da ƙafafunsu. Dillali ya ce kaza, mai gida ya tsaya, magana ta ƙare ba tare da takarda ba. Wannan hali shi ne ƙarfinmu a kasuwa, shi ne kuma ƙofar da macuta ke shigowa ta ciki. Idan wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallaci ya ce makaranta mai kyau ce, kunya ba ta barin ka ce ya nuna maka takarda. Ba ka kuma sani ba ko ana ba shi la'ada a kan kowane yaro da ya kai. Bugu da ƙari, a gidaje da yawa wannan yaro shi ne na farko da ya kai jami'a, babu yaya ko uba da ya bi hanyar balle ya yi masa jagora.

Ƙofa uku kafin a biya ko dala

Rigakafi ya fi magani. Kalmar "an amince da mu" da ake bugawa a takardar talla ba ta isa ba, sai an tambaya, wa ya amince, da wane fanni, kuma har zuwa yaushe?

Ƙofa ta farko ita ce izinin gwamnatin Togo. Ma'aikatar da ke kula da ilmi mai zurfi tana fitar da sunayen makarantu masu zaman kansu da ta amince da su. A nemi na shekarar da ake ciki, kada a dogara da na bara. Sa'an nan a tambayi izinin fannin da yaro zai karanta, domin makaranta tana iya samun izinin koyar da aikin akanta, ta buɗe ajin aikin jinya ba da izini ba. Wannan ramin ne ɗan Hajiya ya faɗa. A lura kuma cewa takardar BTS, wadda ake samu bayan shekara 2, jarrabawar ƙasa ce, hukuma ke shirya ta, ba makaranta ke buga takardar ba.

Ƙofa ta biyu ita ce CAMES, majalisar ilmi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaska, wadda aka kafa a Yamai a 1968, hedkwatarta kuma tana Wagadugu. A nan Lome ne ma aka sa hannu, a 1972, a kan yarjejeniyar da ta sa ƙasashen ke karɓar takardun juna. CAMES takarda ɗaya-ɗaya take tantancewa, ba makaranta gaba ɗaya ba, amincewar kuma tana da wa'adi. Saboda haka ganin tambarinta a bangon makaranta bai nuna cewa lisans ɗin ɗanka yana ciki ba. Jerin takardun da ta amince da su yana intanet, kowane yaro mai waya zai iya dubawa.

Ƙofa ta uku ita ce ƙasar da ake son kai takardar. Nijeriya da Gana ba sa cikin CAMES, kowace tana da hukumarta ta tantancewa. Makaranta tana iya zama halaltacciya a Togo, takardarta ta yi amfani a Nijar ko Burkina Faso, amma a ƙi ta a Abuja. Wanda ya san a Kano ɗansa zai nemi aiki, to tun kafin rajista ya sa dangi su tambayo masa a can. Matambayi ba ya ɓata.

Kada a fahimce mu baibai. Akwai makarantu masu zaman kansu a Lome da ke aiki tsakani da Allah, kuma 'ya'yanmu da dama sun fito daga cikinsu suna cin abinci. Irin waɗannan ba sa jin haushin tambaya, da ka nema za su miƙo maka takardar izini. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce takardar tana hanya, ko ya ce a biya yau domin gobe rangwame zai ƙare, to a kama yaro a fita. Haka kuma duk wanda ya ce za a gama karatun shekara 3 cikin shekara ɗaya, ko ya yi alkawarin aiki tun ba a shiga aji ba.

Wanda ya riga ya faɗa fa?

Ba mu da ofishin yafe bashi, amma hannunmu ba a ɗaure yake ba. Abu na farko, a adana kowace takarda: rasit, takardar talla, katin ɗalibi, sakamakon jarrabawa, saƙonnin waya, har da saƙon murya da dillali ya turo. A ɗauki hotonsu a ajiye a wuri biyu, domin mun ga abin da gobara ke yi. Idan wani ofishi ya ƙi karɓar takardar yaro, a roƙa a rubuta dalili a takarda, ita ce babbar shaida.

Na biyu, a nemo sauran 'yan ajin da iyayensu. Mun san abin da ke hanawa, kunya ce. Uwar da aka yi wa guɗa ranar bikin yaye ɗanta ba ta so a ji cewa takardar ba ta da amfani. Macuci kuwa da wannan kunya yake kwana lafiya, bana ya ci gidanka, baɗi ya ci na maƙwabcinka. Abin kunyar yana kan wanda ya yi ƙarya.

Na uku, a bi kuɗin inda suka shiga, wato makaranta. A rubuta mata takarda da sunan iyaye duka, a nemi ta mayar da kuɗi ko ta gyara matsayin takardun, a kai kwafe ma'aikatar da ke kula da ita. Tun 1999 dokar ƙasa ta hana tallan ƙarya, kuma a shari'ar ciniki yarjejeniyar da aka ƙulla da yaudara ana iya neman kotu ta warware ta. Akwai ƙungiyoyin kare masu saye, irin su ATC da LCT, da ke karɓar koke. Akwai kuma gidajen sulhu da gwamnati ta fara buɗewa a 2018, ɗaya daga cikin na farko yana nan Agoè-Nyivé, inda ake sasanta mutane kyauta kafin a kai ga kotu. Ba za mu ce muku kuɗi za su dawo ba shakka ba, wanda ya ci ba ya son amayarwa. Amma koken mutum 20 ba ɗaya yake da na mutum guda ba, kuma ko ba komai zai tsare na baya.

Na huɗu, kada a ɓuya wa mai bin bashi. Kada kuma a kwaikwayi ɗaliban Amurka a ce an daina biya, domin su da gwamnati suka ja, mu kuwa wadda za ta kwana da yunwa maƙwabciyarmu ce. A je asusun rance tun kafin wa'adi ya wuce, a nuna halin da ake ciki, a nemi a tsawaita lokaci a rage abin da ake kaiwa a wata, a kuma rubuta sabuwar yarjejeniyar. Babban kuskure shi ne cin sabon rance don biyan tsoho.

Namu nauyin

Sauran aikin na al'umma ne. Addininmu bai bar maganar bashi a baki kawai ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Aya ta 280 ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ta kuma kwaɗaitar da a yafe masa. A Suratut Tauba, aya ta 60, waɗanda bashi ya yi wa katutu suna cikin mutum takwas da ake ba zakka. Ke nan afuwar da Hajiya take nema tana nan cikin Zongo, a hannun attajiranmu, idan an tuna da ita. Muna roƙon limamai su riƙa ambaton wannan a huɗuba, masu fitar da zakka kuma su tuna da gidajen da karatun 'ya'ya ya jefa cikin bashi, a ba su cikin sirri ba tare da tozartawa ba.

Muna kuma kira ga sarakunan Zongo da shugabannin matasa, a kowace shekara idan sakamakon bakaloriya ya fito, a ware yini guda a tara iyaye da yara, a kawo jerin makarantun da aka amince da su a karanta da Hausa. Mu malaman makaranta da muka sami horo, muka san yadda takardar hukuma take, bai kamata aikinmu ya tsaya a ƙofar aji ba. Mu ma muna da laifi a nan. Mun yi murna da yaron nan ya ci jarrabawa, mun sa masa albarka, amma ba mu tambayi inda za a kai shi ba. Da mun tambaya, da duba takarda na rabin sa'a ya tsare gumin shekara 3.

Wanda kuma ya san yana karɓar la'ada yana kai 'ya'yan mutane inda bai bincika ba, ya ji tsoron Allah. Dillalin shanu ma idan ya ɓoye aibin dabba, sunansa ya ɓaci a kasuwa ke nan.

Hajiya dai ba a yafe mata komai ba a ofis. Uwar adashi ta tara mata, suka yarda a ɗage mata zubi har ta sake kafa rumfa. Asusun rance ya tsawaita mata lokaci. Ƙanenta ya ce ya bar mata nasa duniya da lahira. Ita da wasu iyaye sun kai kokensu, ana nan ana ta kai da kawowa. Yaron yana haya da babur da rana, ya sake rajista a inda aka tabbatar da izininsa, yana karatu da yamma.

Kwanan baya ta sake yin sallama, wannan karon da takarda ɗaya tak a hannu. Ƙanwar yaron ce ta ci bakaloriya, wani kuma ya kawo musu takardar talla. Ta ce, "Malam, ban ba da ko dala ba tukuna. A duba mini."

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk mai irin wannan takarda a gida, ya kai wa malamin makarantar da ya fi kusa da shi kafin ya kwance bakin zani ko ya buɗe lalita. Allah ya raba mu da bashin da ba mu da halin biya, ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.